Daga Marakesh Zuwa Fas: Lissafin Tsohon Direba

Tun da na yi wayo Baba bai taɓa roƙona komai ba sai abu guda. Ranar da muka fito daga wajen likitan ido a Yamai, aka shaida mana hawan jinin ido ya gama da na hagu, na dama kuma sai lallaɓawa da magani, muna cikin mota ya dubi gabansa kamar da gilashi yake magana, ya ce, "Da mutum zai samu ya ga Fas tun da sauran haske, da ya gode Allah." Ni ne ɗan fari, saboda haka Baba ba ya kiran sunana, ba ya kuma nufo ni da magana kai tsaye. Sai dai ya ajiye ta a tsakani, mai kunne ya ɗauka. Na ɗauka.

Baba ɗan ɗariƙar Tijjaniyya ne tun yana saurayi, kuma a Fas aka binne Shehu Ahmadu Tijjani a 1815. Ƙanena yana karatu a Jami'ar Alƙali Iyal da ke Marakesh, don haka na tsara tafiyar da baki biyu: mu sauka Kasablanka, mu gangara kudu mu ga yaro, sannan mu uku mu haura arewa zuwa Fas. Baba sharaɗi ɗaya ya kafa, wato ranar Juma'a ta same shi a Fas, ya yi sallar Juma'a a can, bayan la'asar kuma ya zauna zikiri a zawiyar Shehu. Ban da wannan, ya ce duk yadda aka yi daidai ne.

Cikin watan Fabrairu muka isa Marakesh, ranar Litinin. Garin na masu yawon buɗe ido ne, kowane lungu ka leƙa Turawa ne da Larabawa da 'yan Asiya. Mun ga hasumiyar Kutubiyya mai tsawon mita 77, mun ratsa dandalin Jami'ul Fana da masu macizai da masu ganguna da hayaƙin gashi. Amma abin da ya taɓa Baba daban ne. Ƙanena ya kai shi kabarin Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da ake karantawa a masallatanmu da azumi, ya kuma kai shi na Imamu Jazuli mai Dala'ilu. Baba ya dawo masauki yana ta jinjina kai, wai ashe mutanen da ya yi shekara 50 yana jin sunansu a zaure, a gari guda suke kwance.

A nan ne na yi wautar da ta sa nake wannan rubutu.

Marakesh da Fas su ne garuruwa biyu da kusan duk baƙon da ya je Maroko yake son haɗawa, kuma tsakaninsu akwai rata, fiye da kilomita 500 in ta babbar hanya aka bi. Don haka sana'ar kai mutum daga wannan gari zuwa wancan babbar sana'a ce. Ko'ina cikin tsohon gari akwai ƙananan ofisoshi da alluna masu hoton raƙuma da tudun rairayi lokacin faɗuwar rana, an rubuta: kwana 3, daga Marakesh zuwa Fas ta hamada. Ran Talata da safe na fita sayen burodi, na tsaya kallon wani allo, kafin in ankara ina zaune ana zuba mini shayi mai na'ana'a.

Gaskiya hanyar tana da ban sha'awa, ba zan ɓoye ba. Ana tashi da sassafe cikin ƙaramar bas, a hau duwatsun Atlas ta mashigar Tishka mai tudun mita 2,260, a sauka Ait Bin Haddu, tsohon garin ginin ƙasa da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1987, a wuce Warzazat, a kwana cikin kwari. Rana ta biyu a ratsa kwazazzabon Todga, a isa Marzuga da yamma, a hau raƙumi a shiga rairayi a kwana cikin tanti. Rana ta uku a miƙe arewa ta kwarin Ziz mai dabino, ta Midalt da Ifran, har Fas. Abin da ya fi jan hankalina kuwa shi ne kusa da Marzuga akwai kufan Sijilmasa, inda ayarin raƙuma suke tashi su keto Sahara. Daga can Ibn Batuta ya tashi a 1352 ya nufi Mali, ya kuma komo ta Takadda, a ƙasarmu ta yau. Na ce a raina, wannan ai tarihinmu ne, Baba zai ji daɗi.

Na tambayi mai ofishin, in mun tashi Laraba, ƙarfe nawa za mu shiga Fas ran Juma'a? Ya ce da rana, in sha Allahu. Ban ce masa wace ranar ba, ta azahar ko ta gab da faɗuwa. Na ciro dirhami 600 na ba shi kafin alƙalami. Dirhami guda kusan dala 12 ne a kuɗinmu, ka ga ke nan jikka 36 na ajiye a kan tebur ban shawarci kowa ba.

Da na koma na baje takardar a gabansu ina murna. Ƙanena ya duba ya yi shiru. Baba ya ce a karanta masa. Aka karanta, ya saurara har ƙarshe, sannan ya juya wajen ƙanena ya ce, "Tambayar mini yayanka, mutumin Damagaram ne zai biya kuɗi a nuna masa rairayi da raƙumi?"

Ƙanena ya tuntsure da dariya. Ni kuwa na soma kare kaina, ina kawo Sijilmasa da Ibn Batuta. Baba ya ɗaga hannu. Ya kamata in faɗa wa mai karatu cewa Baba direban babbar mota ne, shekara 34 ya yi a kan sitiyari. Yakan ɗauko kaya daga Faraku ta ƙasar Benin, ya shigo ta Gaya, ya bi Doso da Ƙonni da Maraɗi zuwa Damagaram, wani lokaci ya zarce Agadas har Arlit. Ba ya karanta taswira, amma in ka ba shi nisa da irin hanya, zai faɗa maka lokacin isa, da wuya ya kuskure da rabin awa.

Ya ce, "Daga inda za a kwana cikin rairayin zuwa Fas, kilomita nawa?"

Ƙanena ya duba salula ya ce wajen 470.

"Shimfiɗaɗɗiya ce ko dutse?"

"Dutse ne, Baba. Wajen Ifran ma yanzu akwai dusar ƙanƙara."

"Rana ƙarfe nawa take fitowa a ƙasar nan?"

"Takwas ta ɗan wuce."

Baba ya ƙirga da yatsu. Sai rana ta fito Turawa sun ɗauki hoto, a dawo bisa raƙuma, a karya kumallo, a ɗaure kaya: ƙarfe 9 da rabi ke nan in an yi sauri. Kilomita 470 na hawa da gangara cikin bas mai mutum 15, awa 8 ba tsayawa. Sai cin abinci, sai masu fitsari, sai masu son ganin birai. Ya ce, "Magariba. In kuma ƙanƙara ta tare hanya, isha'i. Wane ne zai tsayar da mota mai cike da baƙi don tsoho ɗaya ya yi Juma'a?" Ya ƙara da tambayar da ban taɓa tunaninta ba, ya ce direba nawa ne a motar? Na ce ɗaya, ina tsammani. Ya ce, "Mutum ɗaya, kwana 3, bisa dutse. Na san yadda ido yake yi a rana ta uku."

Ban da abin cewa. Na koma ofishin na nemi kuɗina, aka nuna mini wani layi a ƙasan takardar, an rubuta ba a mayar da kafin alƙalami. Ban yi gardama ba, tunda ba wanda ya riƙe hannuna na sa hannu. Abin da ya fi jikka 36 ciwo shi ne da na gane tafiyar da na ce ta Baba ce na mayar da ita tawa ban sani ba. Ni nake son hoton raƙumi. Ni nake son in koma Yamai in ce na taka Sijilmasa. Tsohon da ke ɗiga magani a ido safe da dare, wanda sanyin Marakesh kaɗai ya sa shi kwana da rigar sanyi biyu, shi na shirya kai wa tanti cikin hamada a watan Fabrairu.

Daren nan muka zauna muka bi sauran hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, Baba ne alƙali.

Da kunya ta kama ni sai na yi tsalle zuwa ɗaya gefen, na ce mu hau jirgin sama kawai, a huta. Tsakanin garuruwan biyu tafiyar kamar awa guda ce a sama. Sai dai jirgin da ke zuwa kai tsaye ba kullum yake tashi ba, in kuwa ta Kasablanka za a bi a sauya, jira kaɗai zai cinye ribar. Ga zuwa filin jirgi da wuri, ga kuɗin kaya, ga filin jirgin Fas yana wajen kilomita 15 daga gari. Baba bai ma bari an gama lissafin ba. Ya ce daga Yamai zuwa Kasablanka bai ga komai ba sai bayan kujera. Ya ce, "Ido ɗaya ya rage mini, shi ma na aro ne. Ba zan kashe shi a kallon gajimare ba."

Sai bas. Akwai manyan kamfanoni biyu da baƙi suka fi shiga, CTM wanda ya daɗe tun 1919, da Supratours na hukumar jiragen ƙasa. Motocinsu masu tsabta ne, kowa da lambar kujerarsa, ana auna kaya a ba ka takarda. Tafiyar takan ci awa 7 zuwa 9, gwargwadon hanyar da aka bi, ko ta babbar hanya ko ta Bani Mallal da Hanifra a gindin duwatsu. Akwai ta dare, wadda ɗalibai irin ƙanena suka fi so domin tana rage musu kuɗin masauki. Baba ya yaba da tsarin, amma ya ce ƙafafunsa suna kumbura in ya daɗe a zaune, kuma a bas ba ka tashi sai direba ya ga dama. Ya yi murmushi ya ce shi ma haka ya yi wa mutane.

Akwai kuma manyan tasi masu ɗaukar mutum 6, waɗanda ba sa tashi sai sun cika, irin namu na tasha. Su gari zuwa gari suke yi, sai ka yi ta sauyawa a hanya, ko kuwa ka yi shatar mota sukutum, kuɗin ya ninka. Na kawo zancen mu yi hayar mota in tuƙa da kaina. Ƙanena ya tuna mini cewa in ka ɗauka a wannan gari ka ajiye a wancan akwai ƙarin kuɗi, ga kuɗin babbar hanya, ga 'yan sanda da na'urar auna gudu, sannan tsohon garin Fas mota ba ta shiga ko kaɗan. Baba ya rufe zancen da cewa bai ga abin da zai sa ya zauna awa 6 a gefen wanda ya koyi tuƙi a lakwal ba.

Saura jirgin ƙasa. Da aka ambace shi Baba ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya faɗi abin da ban taɓa sani ba. Shekarun da ya yi yana lodi a Faraku, daga cikin taragon jirgin Kwatano ake sauke kayan a ɗora masa. Ya san warin jirgi, ya san kukansa, ya sha kwana a gindinsa yana jiran layi. Amma bai taɓa shiga ciki ya zauna ba. Mu a Nijar ba mu da jirgin fasinja, dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso ma bai zama abin hawan jama'a ba. Ko daga Kasablanka zuwa Marakesh mota na ɗauka mana, don mun sauka da dare. Mutum ya haura 70, rabin rayuwarsa a bakin dogo, bai taɓa zama fasinjansa ba.

Da safe na je tashar da ke unguwar Geliz na yanki tikiti 3 na Alhamis. Ga abin da na koya, ko zai amfani wani. Jirgin nan mai gudun tsiya da ake kira Al Boraq, wanda aka buɗe a 2018, tsakanin Tanja da Kasablanka yake, bai kai Marakesh ko Fas ba tukuna, ko da yake ana aikin miƙa layinsa zuwa Marakesh. Wanda ke haɗa garuruwanmu biyu shi ne na gargajiya, Al Atlas, yana tashi sau da yawa a yini, kuma ba sai ka sauya ba. Ba ya ratsa duwatsu, zagaye yake yi ta bakin teku, shi ya sa yake cin wajen awa 6 da rabi. Taragon an yanka shi ɗaki-ɗaki, aji na ɗaya mutum 6, aji na biyu mutum 8. Kuɗin yana sauyawa da rana da lokaci, wanda ya saya da wuri ya fi samun sauƙi. Na yanki aji na ɗaya, na roƙi mai sayarwa ya ba ni kujerar taga guda, ta fuskantar gaba.

Mun tashi da hantsi. Baba ya zauna ya gyara hula, ya kafa idon dama a gilashi. Ciwon nan daga gefe yake cin gani, mutum ya koma kamar mai leƙe ta bututu, don haka taga ta yi masa daidai: ba sai ya waiwaya ba, ƙasar ce take zuwa ta wuce ta gabansa. Da farko jar ƙasa ce da duwatsu, ya ce wannan kamar hanyar Tanut. Muka wuce Bin Garir inda ake haƙar fosfat, muka haye kogin Ummur Rabi'i, sai ƙasa ta soma sauya launi. Kafin Sattat alkama ta rufe ko'ina, kore shar har iyakar gani. Baba ya ce, "Ikon Allah. Damina a watan sanyi."

Wata dattijuwa da ke ɗakinmu ta ɓare lemo ta miƙa masa da bismilla. Ta tambaye mu ko 'yan Senegal ne, muka ce Nijar. Ta ce ziyarar Sidi Ahmad Tijani? Baba ya gane sunan ko ba fassara, ya dafa ƙirji. Daga nan suka shiga hira, ita da Larabcin Maroko, shi da na zaure, rabi suna fahimta rabi suna dariya. Kowace awa yakan tashi ya taka cikin siririn lungun tarago, hannu ɗaya a kafaɗar ƙanena, ya dawo ya zauna. A Kasablanka jirgi ya cika ya batse. Bayan Muhammadiyya teku ta riƙa leƙowa daga hagu tana ɓuya. Da muka fita Rabat muka hau gadar kogin Abu Raƙraƙ zuwa Sala, ya ga jiragen ruwa 'yan ƙanana da hasumiyar Hassan daga nesa. Daga Kenitra jirgi ya juya gabas, ya ba teku baya, muka shiga gonakin lemo na Sidi Sulaiman da Sidi Ƙasim, sannan tuddan zaitun har Miknas.

Abin da na lura, duk tashar da muka tsaya sai ya sa a faɗa masa sunanta, ya maimaita sau biyu a hankali. Ya kuma ce a duba masa agogo. Wajen Miknas ya ce wa ƙanena, "Direban nan ya iya birki. Ko shayi bai zube ba."

A Miknas ɗin ne wani saurayi mai fara'a ya shigo ya zauna kusa da ni, ya ce ɗan'uwansa yana da masauki mai arha a Fas, kuma zai samo mana ɗan jagora. Shekaranjiya da na bi shi. Na ce mun gode, muna da wurin sauka.

Mun shiga Fas da la'asar, muka rama sallolinmu a haɗe kamar yadda aka sauƙaƙa wa matafiyi. Ƙaramar tasi ja ta kai mu bakin ganuwa, daga nan sai ƙafa, don lungunan tsohon garin alfadari da amalanke kaɗai ke bin su. Baba ya kwana ya huta, ƙafa ba ta kumbura ba. Ran Juma'a ya yi wanka ya sa farar rigarsa, muka bi lunguna a hankali, muka wuce ta gefen masallacin Ƙairawiyyin da Fatima al-Fihriyya ta kafa a 859, muka isa zawiya. Na ji Wolof, na ji Fulatanci, na ji Bambara, na ji Hausar Kano da ta Kumasi. Bayan la'asar aka zauna zikiri. Ban kalli fuskar Baba ba, don bai kamata ba. Na dai ga ƙanena ya miƙa masa hankici.

Da aka yi sallar magariba muka fito, Baba ya tsaya yana laluben takalmi, ya ce wa ƙanena, "Yanzu ne motar yayanka take shigowa gari." Ƙanena ya yi dariya. Can kuma, muna cikin tafiya, ya ƙara da cewa, "Amma ya iya zaɓen kujera." Iyakar yabon da na samu ke nan, kuma ya ishe ni.

Ba ina cewa hanyar hamada ba ta da kyau ba ne. Mai ƙuruciya da lafiya da kwana 3 na banza, wanda ba abin da ke jiransa a Fas, ya bi ta, zai ga abin ba da labari. Ɗalibi mai ƙaramin aljihu ya shiga bas ɗin dare. Mai sauri ya duba ranar da jirgin sama yake tashi. Abin da nake cewa shi ne, kafin ka tambayi kuɗi ko awa, ka fara duba waɗanda za ka tafi da su, ka ga wane ne mafi rauni a cikinsu, kuma me ya fito da shi daga gida. Da jikinsa da buƙatarsa ake auna hanya. Sannan in mai sayar da tafiya ya ce maka za a isa da rana, ka ce masa ƙarfe nawa, ka kuma karanta ƙasan takarda kafin ka ciro kuɗi.

Yanzu idon daman ma ya yi nisa, Baba ba ya fita sai da ɗan rakiya. Amma in baƙi suka zo gaishe shi a zaure a Damagaram suka tambaye shi labarin Fas, ba daga zawiya yake farawa ba. Daga tasha yake farawa: Marakesh, Bin Garir, Sattat, Kasablanka, Muhammadiyya, Rabat, Sala, Kenitra, Sidi Sulaiman, Sidi Ƙasim, Miknas. Yana jero su kamar yadda yake jero Gaya da Doso da Ƙonni, da abin da ya gani a kowace, har lemon dattijuwar nan. Ni har yau ban ga Sijilmasa ba. In da rabo wata rana zan je da 'ya'yana, in kuma sun fi son wata hanyar, ina fatan zan tuna in tambaye su tun kafin in biya.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya ba mu ikon yi musu abin da suke so tun suna iya ganinsa.